Tambaya da amsa: Maigidana dattijo ne a coci amma yana sa ni rage buhun shinkafa, ya zan yi?

TAMBAYA

Baba Fasto barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Sabon Gari, shekarata huɗu ina yaron shago a wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kayan abinci a nan Kano. Shi ya ɗauko ni daga gida, shi ke ci da ni, kuma ya yi alkawarin zai sallame ni da jari baɗi. Damuwata ita ce duk ranar da aka sauke shinkafa sai ya sa mu rufe sito da yamma mu farke buhunan, mu ɗebi kilo biyu-biyu mu sake ɗinkewa a sayar a matsayin kilo 50. Kuma Baba mutumin nan dattijo ne a cocinmu. Sau ɗaya na ɗan yi magana sai ya ce ai Littafi ya ce bawa ya yi wa ubangidansa biyayya. Yanzu ko na durƙusa zan yi addu'a bakina sai ya yi nauyi, ba abin da ke fita. Ina tsoron in ƙi in yi asarar wahalar shekara huɗu. Don Allah me zan yi?

AMSA

Ɗana sannu, sannu ƙwarai. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne wurin da ka ce bakinka na yin nauyi in ka zo addu'a. Kar ka ɗauka Allah ya yashe ka ne. Lamirinka ne ke da rai har yanzu, wanda nasa ya mutu ai yana farke buhu da dare ya tashi da safe ya rera waƙa a gaban jama'a ko a jikinsa. Sarki Dawuda ya ɗanɗana irin naka, a Zabura 32 ya ba da labarin yadda jikinsa ya ƙare, ƙarfinsa ya bushe kamar ƙasa a lokacin bazara duk tsawon kwanakin da ya yi shiru da laifinsa, sai da ya buɗe baki ya faɗa wa Ubangiji gaskiya sannan ya samu sauƙi.

To bari mu kira abin da sunansa tukuna. Tauye awo ne, kuma sata ce. Yi lissafin da kanka, kilo biyu a buhu 25 ya zama buhu guda cur wanda ba wanda ya noma ba wanda ya saya, daga tukunyar mutane aka kwaso shi. Littafin Firistoci 19:35-36 ya hana cuta a ma'auni, Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne a gaban Ubangiji. Annabi Amos a sura 8 ya yi wa 'yan kasuwar zamaninsa faɗa mai zafi, mutanen da ke ƙagara ranar hutu ta wuce su koma su ƙanƙanta mudu su haɗa da dusa su sayar wa talaka. Abin mamakin ma mutanen nan masu kiyaye ranar ibada ne.

Akwai wata uwa a bayan layinmu mai sayar da shinkafa da wake, gwauruwa ce da yara biyar. Na taɓa iske ta da safe ta zazzage sabon buhu a tabarma tana aunawa da kwano tana ƙirgawa da yatsa, da ta kai ƙarshe sai ta tsaya, ta ɗaga buhun ta kaɗe ta leƙa ciki, ta sake ƙirgawa tun daga farko. Ba ta ce komai ba, kallon shinkafar kawai take. Ribarta ta kwana uku ce ta ɓace a wurin, kuma bashi ta ɗauko buhun. Duk sanda ka riƙe basilla za ka ɗinke buhun da aka rage, irin wannan matar ce a ɗaya gefen.

Yanzu zancen biyayya, don nan ne maigidanka ya ɗaure ka. Ayar tana nan kam, Kolosiyawa 3:22 da Afisawa 6:5, ba ƙirƙira ya yi ba. Amma ka buɗe ka karanta har ƙarshe, a nan cikin ayar Bulus ya ce a yi biyayyar da zuciya ɗaya saboda tsoron Ubangiji, to yaya za a yi cuta saboda tsoron Ubangiji? Kuma in ka gangara Afisawa 6:9 sai ka ga an juyo kan iyayen gida su ma, an ce su bar tsoratarwa don su ma suna da Ubangiji a sama wanda ba ya nuna bambanci. Biyayya ga na gaba gaskiya ce kuma ni ina koyar da ita, ka buɗe shago da wuri, ka share, ka yi dako in an sa ka, kar ka taɓa kuɗin ciniki, kar ka ɗaga masa murya, ko faɗa ya yi maka ba da haƙƙi ba ka haƙura. Amma tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce inda maganar mutum ta ci karo da ta Allah. Ungozoman Ibraniyawa Shifra da Fu'a Fir'auna ne da kansa ya ba su umarni a Fitowa sura 1 suka ƙi kashe jariran, don suna tsoron Allah. Bitrus da sauran manzanni a gaban majalisa, a Ayyukan Manzanni 5:29, suka ce dole su yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Kasancewarsa dattijon ikkilisiya bai halatta abin ba, sai dai ma ya ƙara masa nauyi.

Sai dai ina so ka gane wani abu game da ƙarfin hali, don matasanmu da yawa suna ɗauka ƙarfin hali shi ne ka tashi a tsakiyar kasuwa ka tona wa mutum asiri, ko ka je ka rubuta a Facebook. A'a ɗana. Magana zarar bunu ce. Dubi Daniyel a sura ta 1, saurayi ne kamarka, a ƙasar baƙi, a hannun waɗanda ke ci da shi. Abu na farko ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, wato ya gama yanke shawara tun kafin ya buɗe baki. Sannan ya je ya roƙa, roƙo fa, da ladabi. Da shugaban fadawa ya ce yana tsoron sarki kar a sare masa kai, Daniyel bai raina tsoronsa ba, sai ya kawo wata hanya ya ce wa mai lura da shi da abokansa a gwada su kwana goma da ganye da ruwa a gani. Ka ga bai janye ko taku ɗaya ba, kuma bai ci mutuncin kowa ba.

Haka nake so ka yi. Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ba a gaban sauran yara ba, ba kuma ranar da aka sauke kaya ransa na kan kuɗi ba. Wataƙila a gida bayan cin abincin dare. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda aka saba, durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne balle wanda ya riƙe ka shekara huɗu. Ka fara da godiya don ya cancance ta. Sannan ka ce, Baba akwai abin da ke hana ni barci, aikin rage buhun nan zuciyata ba ta ɗauka, ina roƙonka ka cire ni a ciki, duk wani aikin da ka sa ni zan yi ko ninki biyu ne. Kana iya kawo shawara ma, in ribar buhu ce ba ta fita to a riƙa aunawa a kwano ana sayarwa da sunan awo, ko a ɗora shi a sikeli a gaban kwastoma a faɗa masa kilo 48 ne ga farashinsa. Shikenan. Kar ka yi masa wa'azi, ya san ayoyin ya fi ka. Amma ka lura, in ka ƙi farkewa da dare sannan ka miƙa wa mutum buhun da safe kana cewa cikakke ne, ba ka fita ba tukuna. Wannan ma ka faɗa masa, ba za ka iya cewa 50 ne ba in an tambaye ka.

In ya ƙi ji ya ci gaba da matsa maka, Yesu ya ba mu tsari a Matiyu 18:15-17, da farko kai da shi, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. A nan sai ka sami fastonku ko wani dattijo mai riƙon amana wanda ba ya cin bashi a shagon. Ba gulma ba ce wannan, ceton ransa ne shi ma. Kuma iyayenka a gida su san halin da ake ciki daga bakinka, kar labari ya riga ka zuwa a ce ka yi wa mai riƙonka rashin kunya.

Akwai kuma abin da maigidan ba zai faɗa maka ba. Ƙasar nan tana da dokar awo da ma'auni, jihar Kano kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar da aka shigo siton wanda aka samu da basilla a hannu shi za a fara kamawa. Maƙwabtanku Musulmi ma sun san wannan laifin sarai, akwai sura sukutum a Alƙur'ani, ta 83, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo. A garin nan mu 'yan kaɗan ne, ana kallon mu, mutum da yawa ba zai taɓa shiga coci ba, bisharar da zai karanta ita ce buhun da ya saya a hannunka.

Ba zan yi maka ƙarya in ce in ka tsaya kan gaskiya gobe za ka ga jari ya sauko ba. Yana iya korarka. Yana iya hana ka sallamar. Yusufu ya ƙi matar Fotifar kurkuku ya tafi, Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa Hirudus gaskiya kansa aka sare. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba ba za mu yi sujada ga gunkin ba, wannan "ko bai" ɗin a Daniyel 3:18 shi ne abin da nake so ka auna a zuciyarka kafin ka je. Abin da kawai zan iya tabbatar maka shi ne shekara huɗun ba su tafi a banza ba. Ka san kaya, ka san dillalai, ka san yadda ake sari daga kasuwar Dawanau zuwa ta Singa, ka san kwastomomi da fuska, wannan ba mai ƙwace maka. Kuma yaron da aka sani ba ya cuta, a Kano 'yan kasuwa nemansa suke. In kuwa ka yi shiru har aka sallame ka, to ka sani da jarin da halin tare za a ba ka, nan da shekara biyar kai ma kana da yaro a sito da basilla.

Sai addu'a, wadda a gaskiya da ita za ka fara. Yau da dare kar ka nemi manyan kalmomi, ka faɗa wa Ubangiji abin yadda yake, na farke buhu, na cuci mutane, tsoro nake ji. 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawarin gafara ga wanda ya furta zunubinsa, ka riƙe wannan. In bakin ya ƙi buɗewa ka karanta Zabura 51 da murya a hankali ta zama addu'arka. Sannan ka kafa lokaci. Daniyel da aka jefa ramin zakuna tsoho ne a lokacin, kuma Daniyel 6:10 ta ce ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba, ba ranar da doka ta fito ya koyi addu'a ba, abin da ya tara shekara da shekaru ne ya riƙe shi. Mu a Kano ma an sauƙaƙa mana, kiran sallar asuba na tashin kowa, to in ka ji ka tashi kai ma, minti goma da Littafinka kafin ka fita neman adaidaita. Da azahar in maƙwabta sun ja ƙofar shago sun tafi masallaci kasuwa ta ɗan yi shiru, kai ma ka shiga lungun buhuna ka sunkuyar da kai. Ni kam naciyarsu a kan lokaci tana tsawata mini.

Me za ka roƙa? Masu bi na farko da aka yi musu kashedi, a Ayyukan Manzanni 4:29, ba su ce a kawar da masu tsoratar da su ba, ƙarfin zuciyar yin magana suka roƙa. Ka roƙi wannan. Ka yi wa maigidanka addu'a da sunansa kullum, don yana yiwuwa shi ma bashi ne ya shaƙe shi ko ya daɗe da sabawa har ya daina gani, kuma da wuya ka yi wa mutum addu'a sati guda ka je masa da raini. Ranar da za ka yi maganar in ka ji gwiwarka na rawa a bakin ƙofa ka tuna Nehemiya, sarki ya tambaye shi me kake so, tsakanin tambayar da amsar ya yi addu'a ga Allah na Sama sannan ya buɗe baki. Numfashi ɗaya ya isa, Ubangiji ka taimake ni.

Game da waɗanda aka riga aka cuta, Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar ninki huɗu don yana da shi, kai ba ka da shi kuma ba aljihunka ribar ta shiga ba. Amma in akwai wata mai abinci da ka san kullum a hannunka take saya, ka sa a ranka in Allah ya buɗa maka za ka cika mata abinta.

Ka ɗauki kwana bakwai kana addu'ar nan, in za ka iya ka haɗa da azumin yini ɗaya, kuma ka sami ɗan'uwa guda a zumuntar matasa mai riƙe sirri ya riƙa taya ka. In an sauke kaya kafin kwana bakwan su cika to kar ka jira, a daren ka same shi. Bayan kun yi maganar ka sake rubuto min ko yaya ta kaya, in ma ta kai ga ba ka da wurin kwana ka faɗa min da wuri kar ka ji kunya, mu san yadda za mu yi da 'yan'uwa.