Raba Access biyu kafin yaran kanti su ɓata maka lissafi

Ɗan'uwa, ka ce ordinater uku gare ka a kantinka nan Damagaram, duka fayil guda suke buɗewa na Access, porogaram ɗin Microsoft na ajiye bayanai a tebur, yara na shiga tebur suna share farashi. To raba shi za ka yi. Kwafe shi tukun, sannan a sashen Outils de base de données da ke saman Access akwai wurin rabawa, teburori su koma fayil guda a babbar ordinater, fom da rahoto kowa ka ɗora mishi nashi kwafin, kar su yi tarayya.

Kwafin yaran ka maida shi ACCDE, wato kullallen fayil da ba a iya canza tsarin fom da rahotonshi, ka ɓoye jerin teburorin na gefen hagu, kuma don Allah ka kashe AllowBypassKey, saitin da ke barin Shift ya tsallake kariyar, in ba haka ba yaro ya danne Shift yana buɗewa sai ga komai a fili. Sa ma fayil ɗin teburori kalmar sirri, ka goge haɗin da ke tsakaninshi da kwafin kowa ka sake haɗawa.

Amma gaskiya tun Access 2007 tsarin fayil ɗinshi, accdb, ba shi da hanyar ba kowane mutum nashi izini daban, in kuɗi masu yawa ne koma SQL Server Express, wani porogaram ɗin Microsoft na ajiye bayanai mai wannan izini, kyauta ne. Kuma da waya za ka haɗa ordinater ɗin ba wifi ba, ka sa ondiler mai riƙe wuta in ta ɗauke, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na lalata fayil.