Goma na marmari, goma na wuya

Angona, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta maka wannan. Ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffi ke kasa azumi gida uku, su ce goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah, da abin da ya ba ni dariya da ka ce bana sai ka sauke Alƙur'ani sau uku.

Dariyar ba ta raini ba ce. Babanka ma ya taɓa cin wannan alwashin, a wannan tsakar gidan, bai kai izu ashirin ba barci ya kayar da shi.

Ka lura, a cikin goma ukun nan biyu na marmari ne da ɗoki. Ranar da aka ga wata, masallacin unguwa ba ya ɗaukar jama'a, asham har bakin titi, yaro ɗan shekara bakwai yana kuka sai an tashe shi sahur. Wannan ɗoki ne, kuma ɗoki baƙo ne, sabon abu ke kawo shi. Goman ƙarshe ma haka: hankali ya koma wurin tela, da lalle, da kitso, da tuwon Sallah, alhali a cikinsu ake neman daren Lailatul Ƙadari.

Na tsakiyar su ne ke tona asiri. Kunun tsamiya da ƙosai sun gundure ka, jiki ya yi la'asar, Sallah kuma da saura. Ka leƙa masallaci daren sha biyar ka ƙirga sahu. Waɗanda ka tarar, himma ce ta kawo su, don babu wani sabon abu da ya rage a gani. Shi ya sa aka ce himma ba ta ga raggo. Ni a ganina ba banza ba ake fara tashe bayan azumi ya kai goma. Daidai lokacin da gwiwa ta yi sanyi yara ke fitowa gida-gida da wasanni, a Kano Nalako, sarkin gwagware, ya bi su da tsiya, a yi dariya a ji sauƙi.

Kada ka ɗauka ina zagin ɗoki. Ba don shi ba, da yaro bai fara azumin rabin yini ba. Mu ma da gangan muke barin ku ku yi ta rawar ƙafa, sai dai mu ce a sha ruwa da azahar, don kada wahala ta sa yaro ya tsani abin tun yana ƙarami.

Alƙur'ani izu 60 ne. Izu biyu kullum, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar, sai ka sauke tare da watan. Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa wuce haka ba, ban kuma taɓa ganin ya tsallake rana ba, ko ranar kasuwa.

Ran sha biyar ga wata zan sa a kira mini kai in ji izun da kake. Idan za ka zo, ka taho mini da sukari da dabino, miji ba ya zuwa hannu rabbana.