Shin Tona Asirin Mai Safarar 'Yan Mata Giba Ne?

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Babura. Mu magidanta mun haɗa kai muna zagaya majalisu da masallatai, muna faɗakar da iyaye kan masu kwasar 'yan mata da sunan aikatau. Sai dai wadda ke wannan harka a garinmu gwaggona ce. Da Kano take kai su, yanzu ta koma Libiya. Wata da ta dawo ta ce an karɓe mata waya da takardu, aka ɗora mata bashin kuɗin hanya, ta yi ta bauta ba ta ga ko kwabo ba. Yanzu haka akwai yara biyu da ake shirya wa tafiya bayan Sallah. Wani malami ya ce ambaton ta giba ne, kai ta ƙara kuma tonon asiri ne da yanke zumunci. Mene ne hukunci?

AMSA: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa wannan tafiya taku albarka. Haramcin cin kuɗin 'yantaccen mutum da danne guminsa ba abin jayayya ba ne, kuma yardar iyaye ba ta halatta shi, domin uba waliyyi ne, ba mai mallaka ba.

Abin da ya juya hukuncinka shi ne yaran nan biyu. Da gwaggonka ta tuba ta bar harkar, da na ce ka kama bakinka, ka taimaka mata ta mayar da haƙƙin waɗanda ta zalunta. Amma tana kai, har an sa rana. Saboda haka faɗakar da iyayensu wajibi ne a kanka, ba zaɓi ba.

Maganar malamin kuwa, hadisin da ya dogara da shi ingantacce ne, wurin da ya ajiye shi ne ba daidai ba. Imam Nawawi, a sharhin wannan hadisi na rufa wa Musulmi asiri, ya ce ana nufin wanda ba a san shi da cutar da mutane ba, kuma a kan laifin da ya riga ya wuce. Wanda aka sani da ɓarna, a kai maganarsa ga shugaba, laifin da ake cikin aikatawa kuma a gaggauta hana shi. Giba ma haka take. Da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawara kan manemanta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin Mu'awiya da na Abu Jahmi, alhali ba sa wurin. Idan an halatta wannan don aure, ina ga yarinyar da za a bi da ita ta Damagaram da Agadas a shiga sahara? A 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da garin Arlit na arewacin Nijar, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara. Kuma a Nuwamban 2023 Nijar ta soke dokarta ta 2015 da ke hana fasa-ƙwaurin baƙin haure, wato hanya ta ƙara buɗe wa masu wannan harka. Sai na tambayi malam: yaran nan ba Musulmi ba ne? Asirin wa za a rufa? Zumunci kuma, riƙe hannun azzalumi shi ne taimakonsa, kamar yadda hadisi ya zo.

Sai dai a kula. Halaccin bai kai ga kiran sunan gwaggonka a lasifika ko a WhatsApp ba. A wa'azinku ku bayyana dabarun, kuɗin kafin alƙalami da ake danƙa wa uba, da alƙawarin albashi, da bashin da ba ya ƙarewa, ba tare da suna ba. Ita kuwa ka same ta tare da wani dattijo cikin dangi. Ka samu iyayen yaran a keɓe, ka faɗi abin da ka tabbatar kaɗai, ban da ji-ta-ji-ta. In gwaggon ta ƙi dainawa, sai mai unguwa da dagaci, sannan Hisba ko NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana da ofis a Kano. Kada matasanku su ɗauki doka a hannu.

Wadda ta dawo ita ce ta fi cancantar rufin asiri. Kada ku mai da ita abin misali a majalisa, har ku kashe mata aure. Ku kuma fara wa'azin da kanku maza, domin babu yarinyar da ke fita gida sai wani uba ya karɓi kuɗi ko ya kau da kai, sau da yawa saboda rumbu ya ƙare kafin damina. Wanda yunwa ta tura, ku tuna da shi ranar fitar da zakkar hatsi.

Za ka ga fushin dangi, wataƙila har na mahaifinka. Ka yi masa bayani cikin ladabi, kada kuma ka daina gaida gwaggonka da aika mata abin da ka saba. Allah ne Mafi sani.