Amsa: Amilas da lifas sun hau a jinin karena

Malam, ka ce karenka na ta amai, gwajin jini kuma ya nuna amilas da lifas, wato sinadaran da ke taimakawa wajen narkar da abinci, sun hau, shin ciwon pankiriyas ne, gaɓar nan ta cikin ciki da ke samar da su? Ba lallai ba ne. Ƙoda na cikin masu kwashe waɗannan sinadarai daga jini, to idan ta raunana sai su taru, alhali pankiriyas lafiyarta ƙalau.

Ka nemi likitan dabbobi ya auna yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya duba kaurin fitsari don a ga lafiyar ƙodar, sannan a yi gwajin cPL, wanda shi ne na pankiriyas ɗin kare takamaimai. Amma fa a ɗebi jinin da fitsarin kafin a ɗaura masa ƙarin ruwa. Na sha ganin ruwan ya tsinka fitsari, sakamakon ya rikita kowa.