An kira ni shaida a kan iyakar gonar baffana

Tambaya: Ni Kirista ne daga wani ƙauye a ƙasar Roni. Baffana ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya ci kunya uku daga gonar maƙwabcinmu Musulmi. Ina wurin aka yi. Yanzu dagaci ya sa ranar zama, ya ce in zo shaida, 'yan gida kuma sun ce in ce ban sani ba. Yin shiru laifi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, cewa "ban sani ba" alhali ka sani ba shiru ba ne, ƙarya ce. Shirun ma Littafin Firistoci 5:1 ya rufe masa ƙofa: wanda aka kira shaida kan abin da ya gani ko ya sani, ya ƙi faɗa, alhakin na wuyansa. Ita kuwa iyaka, Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana matsar da ita, 27:17 ta ɗora la'ana a kai. Ba a ce iyakar mai bi kawai ba, ta maƙwabci aka ce.

Mutane na son ayar nan ta Matiyu 5:14, "Ku ne hasken duniya," amma sukan ajiye ta don wa'azin Lahadi. Duba Yahaya 1:8: Yahaya Maibaftisma ba shi ne hasken ba, shaidar hasken, wato Yesu, ya zo bayarwa. Wato haskenka na aro ne, kuma a bakin shaida ake ganinsa. Maƙwabcin nan mai yiwuwa bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, abin da zai karanta shi ne bakinka a zauren dagaci.

Kada ka jira ranar zama. Je ka sami baffa da dare, shi kaɗai kamar yadda Matiyu 18:15 ta tsara, ka durƙusa ka gaya masa cewa in an tambaye ka ba za ka iya ɓoyewa ba. In ya ƙi ji, koma da dattijon ikkilisiya ɗaya ko biyu waɗanda yake jin nauyinsu. Abin nema shi ne ya mayar da kunyoyin da kansa, a sake dasa gamba a gaban dattawan ɓangarorin biyu, maganar ta mutu ba tare da an kunyata shi a bainar jama'a ba. Babba ne, wannan rufin asirin haƙƙinsa ne a kanka.

In kuwa sai an zauna, ka rarrabe abin da idonka ya gani da abin da ka ji a bakin mutane. Faɗi wace damina ce, kunya nawa, daga wace bishiya zuwa wace. A nan ne masu gaskiya ke yin tuntuɓe: don a ce ba sa son kai, sai su ƙara gishiri, su tono tsofaffin laifuffukan da ba a tambaye su ba, uku ta koma biyar. Wannan ma shaidar zur ce. Bakin masu shaidar zur biyu kawai sarauniya Yezebel ta buƙata aka jefe wani mai gona, Nabot, har ya mutu, aka ƙwace gonarsa (1 Sarakuna 21).

Gida zai yi maka sanyi na ɗan lokaci, wataƙila a daina kiran ka gayya. Kada ka yanke gaisuwa. Washegari da sassafe ka je ka gai da baffa kamar kullum, ko da bai amsa ba.