Ɗana yana jin Hausa a gida, zai iya samun hatimin harsuna biyu a takardar sakandare?

Tambaya: Muna zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Ɗana yana aji 11, Hausa muke yi da shi a gida tun yana ƙarami. Na ji ana ba ɗalibai wani hatimi na iya harsuna biyu. Shin Hausa tana ciki?

Amsa: Hajiya, tana ciki. Sunan hatimin Seal of Biliteracy, ana manna shi a jikin takardar kammala sakandare, a kuma rubuta shi a takardar sakamako. Jihar Kalifoniya ce ta fara kafa dokarsa a 2011, New York ta bi sahu a 2012, zuwa 2024 duk jihohi 50 na Amurka sun karɓe shi. Ba a keɓe shi ga harsunan da ake koyarwa a aji kawai ba, harshen gida ma yana cikin lissafi.

A New York maki ake tarawa: uku a Turanci, uku a ɗaya harshen. Na Turancin ba ya cika ba da wahala. Cin 80 a jarrabawar Turanci ta Regents (jarrabawar da jihar New York ke shirya wa ɗaliban sakandare) maki ɗaya ne, samun 85 a darasin Turanci na aji 11 da 12 wani makin ne.

Ɓangaren Hausa shi ne inda aikin yake. Tunda da wuya makarantarsa tana koyar da ita, babbar hanyarsa ita ce aikin bincike na ƙarshe, mai maki biyu. Zai zaɓi maudu'i, ya rubuta shi da Hausa, ya gabatar a gaban kwamiti, ya amsa tambayoyinsu da Hausa. Makin da ya rage yana iya fitowa daga jarrabawar da jihar ta amince da ita, ko daga takardun wata makaranta a ƙasar waje da suka nuna ya yi shekara uku yana karatu da harshen daga aji 8 zuwa sama.

Inda yaran gida suka fi tuntuɓe shi ne rubutu. Yaro zai zuba Hausa rangaɗaɗau a falo, amma bai taɓa rubuta sakin layi guda ba. Sai ka ga ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko ya haɗe "ya na da" da "yana da" ba tare da sanin bambanci ba. Sannan Hausar gida ta tsaya ne a kan abinci, aike da gaisuwa. Kwamiti kuwa so yake ya ba da labarin abin da ya wuce, ya bayyana abin da ke gudana, ya faɗi abin da zai zo, cikin jimloli masu haɗe da juna, ba tare da ya tsere zuwa Turanci ba idan kalma ta ɓace masa.

Don haka tun yanzu ki sa shi karanta labari ɗaya na BBC Hausa ko RFI Hausa kowace rana, ya taƙaita shi a rubuce cikin layi takwas. A saka masa allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ a wayarsa.

Ki kuma je wurin mai ba ɗalibai shawara a makon nan, kada ki bari sai aji 12. Shiga shirin ba dole ba ne ga makarantu, saboda haka ki fara tambaya ko tasu tana ciki. Idan tana ciki, ki sanar da su harshen Hausa ne, domin nemo wanda ya ƙware a Hausa da zai zauna a kwamitin yana ɗaukar lokaci.