Jirgi Maras Matuƙi Yana Leƙa Gidana: Ina da Ikon Kakkaɓo Shi?

Tambaya: Barista, maƙwabcina ya sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara. Kusan kullum da yamma sai ya zo ya tsaya a saman tsakar gidana, iyalina suna ciki. Na yi masa magana, ya ce sama ba ta kowa ba ce. Idan na jefe shi ya faɗo, akwai laifi a kaina?

Amsa: Malam, kada ka jefe shi, kada kuma ka sa yara su yi. Ranar da ka kakkaɓo jirgin nan, kai mai ƙara ka koma wanda ake ƙara. Laifin ɓarnata dukiyar wani yana jiranka, in kuma ya faɗa kan mutum ko mota, diyyar na iya hawa kanka. Wasu ƙasashen ma sun fi haka tsanani: a Amurka, doka tana ɗaukar wannan ɗan abin a matsayin jirgin sama, kuma lalata jirgin sama babban laifi ne a dokar tarayya. An taɓa sallamar wani mutum a jihar Kentucky a 2015 bayan ya harbo irin wannan jirgi da ya zo saman gidansa, amma hukuncin ƙaramar kotu ne, ba abin da zan ce ka jingina da shi ba.

Maganar maƙwabcinka kuwa rabin gaskiya ce. Lallai mai gida ba shi da iko da sararin da manyan jirage ke bi. Amma sararin da ke dab da rufinka naka ne. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka tun 1946, a shari'ar Causby, wani mai kiwon kaji da jiragen soja ke wucewa ƙafa 83 kacal sama da gonarsa, har kajin suna firgita suna bugun bango suna mutuwa. Kotu ta ce an shiga haƙƙinsa. A Ingila, a shari'ar Bernstein da kamfanin Skyviews ta 1977, mai gidan ne ya sha kaye, domin jirgin ya wuce ta can sama ya ɗauki hoto guda. Sai dai alƙalin ya ƙara da wata magana da ta yi daidai da halin da kake ciki: da a ce sa ido ake yi wa mutum ba dare ba rana daga sama, ana ɗaukar hoton duk motsinsa, kotu na iya ɗaukar hakan a matsayin cutarwa. Wucewa sau ɗaya daban, tsayawa kullum a kan tsakar gida daban.

Don haka ƙarfin shari'arka yana cikin maimaituwar abin, kuma kotu ba ta aiki da "kullum yana zuwa". Ɗauki bidiyo da wayarka duk lokacin da ya zo, yadda katanga ko rufin gidan zai fito a hoton, don a gane iya ƙasan da yake saukowa. Rubuta rana da lokaci. In ka hango mai tuƙin riƙe da na'urar sarrafawa, ɗauke shi daga inda kake tsaye, ba tare da ka shiga gidansa ba. Samu wani maƙwabci da ya gani da idonsa. In hoton iyalinka ya fito a Facebook ko TikTok, adana shi kafin a goge. Wannan ita ce hujja mafi nauyi da za ka iya samu.

Daga nan sai lauya ya rubuta masa takardar gargaɗi. A ganina yawancin irin wannan rigima a nan take mutuwa, saboda masu waɗannan jiragen da dama ba su cika sharuɗɗan hukuma ba, kuma sun san haka. A Tarayyar Turai, mai jirgi mai kyamara sai ya yi rajista ko da nauyinsa bai kai giram 250 ba, in dai ba abin wasan yara ba ne, kuma ba a wuce mita 120 a sama. A Najeriya, a 2016 hukumar NCAA mai kula da jiragen sama ta hana tashin su sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ka ga ke nan ƙorafi ga hukumar jiragen sama ko 'yan sanda zai fi tsorata shi fiye da dutse.

In ya yi kunnen ƙashi, sai kotu. Abin da za ka fi nema shi ne umarnin hana shi sake tashin jirgin a saman gidanka, da tilasta masa goge abin da ya ɗauka. Idan a Najeriya kake, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Diyya tana yiwuwa, amma kada ka sa rai da yawa sai in an yaɗa hotunan.

Idan kuma jirgin ya faɗo cikin gidanka da kansa, kada ka buɗe shi, kada ka cire katin ajiyarsa. Ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, ka miƙa shi ga 'yan sanda, ka karɓi takardar shaida.